Maganin hawan jini da na kitsen jini: wai duk ɗaya ne?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin abin. An kai tsohonmu asibiti kwanakin baya, aka auna jininsa aka tarar da 170/100. Likita ya rubuta masa amlodipine 10mg da safe, da wani atorvastatin 20mg da dare, na kwafo sunayen ne yadda suke a jikin kwali. Yanzu alhamdu lillahi awo ya dawo 132/84. Jiya na je sayo masa na wannan wata, sai yaron kemis ɗin unguwarmu nan Mabera ya ce mini duka biyun maganin jini ne, tunda jini ya sauka ana iya ajiye na daren. Kuma gaskiya na daren ya fi cin kuɗi. Shi ma Baba cewa yake bai taɓa jin na daren ya yi masa komai ba. Yaya za a yi?

Alhaji Na-Illela:
Wa alaikumus salam. Yaron kemis gaskiya yah hwaɗa maka. Likitocin zamanin ga sai su cika ma mutum leda da ƙwayoyi. Ni ƙwaya guda nika sha, ita ma sai in na ji kaina ya yi nauyi. In ya sake ni in aje ta. Ga ni nan lahiya lau, kullum ina bisa hanya tsakanin Illela da Ƙonni.

Maman Hanif:
Baban Sadiq, don Allah kada ka ajiye masa ko ɗaya sai kun koma wurin likitan da ya rubuta. Ni famasis ce, kuma wannan magana ta "duk maganin jini ne" kusan kullum sai na ji ta a tagar ba da magani. Ba aiki ɗaya suke yi ba, ba ma wuri ɗaya suke nufa a jiki ba.

Amlodipine jijiyoyin jini yake sassautawa. Bangon jijiya yana da tsoka, in ta ɗaure sai hanya ta tsuke, zuciya ta riƙa turo jini da ƙarfi. Maganin yana hana sinadarin kalsiyam shiga wannan tsoka, sai ta saki, hanya ta buɗe, awo ya sauka. Shi ne abin da kuka gani a na'ura.

Atorvastatin kuwa hanta yake nufa. Mafi yawan kolestarol ɗin da ke jikin mutum, wato abin da muke kira kitsen jini, hantarsa ce take haɗa shi, ba duka daga kwano yake zuwa ba. Maganin yana taka wa wannan aiki burki, sai hantar ta koma tana tsamo wanda yake yawo a cikin jini. Ko shekara goma Baba zai yi yana shansa, na'urar da ake ɗaura masa a damtse ba za ta nuna maka aikinsa ba. Sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji.

Baban Sadiq:
Na gode Hajiya. Amma abin da ya ɗaure mini kai, Baba siriri ne, ba shi da tumbi ko kaɗan. Ina kitsen yake?

Maman Hanif:
Kitsen tumbi daban, na cikin jini daban. Mai ƙiba ya fi shiga haɗari, haka ne, amma na ga takardar gwajin sirara da yawa da ta fi ta masu ƙiba muni. Akwai ma waɗanda gadonsa suke yi, kusan mutum 1 cikin 250, tun suna yara nasu a sama yake.

Alhaji Na-Illela:
To abin da ba a ji, ba a gani, mi za a sha mai magani? Iyayenmu da hura da nono da man shanu sunka girma, wa yat taɓa auna musu kitse?

Dakta:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kafin mu zo kan kitse, maganarka ta farko ce ta fi tayar mini da hankali. Hawan jini ba ya aiko da ciwon kai kafin ya yi ɓarna. Mutum yana iya yawo da 180/110 yana cin kasuwarsa, bai ji komai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya kusan biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba. Da yana sa nauyin kai, da sun sani.

Akwai kuma wani abu da yake yaudarar masu shan amlodipine. Maganin yana daɗewa a jiki, yakan ɗauki awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya fita. Sai mutum ya daina yau, ya auna gobe ya ga lafiya lau, ya ce ai na warke. Saura ne yake aiki. Ya sake aunawa bayan mako biyu ya gani.

Game da iyayenmu kuwa, su da ƙafa suke zuwa gona, su yini da hauya a hannu. Kuma a cikinsu akwai waɗanda aka wayi gari ɓarin jikinsu ya shanye, baki ya karkace, aka ce iska ce ko jifa. Ba a auna su ba, shi ya sa ba a kira abin da sunansa ba.

Baban Sadiq, bari in ba ka misali da abin da kowa ya sani a fadama. Tiyo na ban ruwa hanya biyu yake lalacewa: ko dai inji ya yi masa ƙarfi har ya fashe, ko laka ta taru a ciki har ruwa ya daina wucewa. Rage ƙarfin inji ba ya fitar da laka. Na safen nan ƙarfin yake ragewa, na daren kuma taruwar yake hanawa. Abin da ya haɗa su, duka biyun bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ake gudu.

Alhaji Na-Illela:
Dakta, ka iya magana. Amma ni ban gamsu ba tukuna.

Hajiya Inno:
Ni dai tun da anka ce mini ina da kitsen ga, na bar man shanu da manja, na koma man jarka wanda anka rubuta ma babu kolestarol. Kuma kullum da sahe sai na haɗiyi tafarnuwa, ga soɓo marar suga. Tafarnuwa ai ba mu rashinta Sakkwato. Wanga bai isa ba?

Maman Hanif:
Inna, wannan rubutu na jikin jarka dabarar kasuwa ce. Duk man da ya fito daga tsiro ba shi da kolestarol, har manjan da kika bari. Kolestarol a abincin da ya fito daga jikin dabba yake: nama, ƙwai, madara, kayan ciki. Abin da ya fi ɗaga na cikin jini shi ne irin man da yake daskarewa in sanyi ya kama shi, kamar man shanu da kitsen balangu, kuma manja ma kusan rabinsa irin wannan ne. Saboda haka canjin da kika yi yana da amfani, amma ba don abin da aka rubuta ba. Sai ki kula da yawansa, da kuma man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi.

Tafarnuwa da zoɓo ba zan kushe su ba. An gwada zoɓo an ga yana ɗan rage hawan jini. Ɗan ragewa fa na ce. Wanda yake 170 ba zai dawo daidai da zoɓo ba. Atorvastatin mai ƙarfi kuwa yana iya raba mugun kolestarol biyu, wanda ake rubutawa LDL a takardar gwaji. Ba tafarnuwar da za ta yi haka.

Mai Sa'a Herbal:
Jama'a akwai ingantaccen haɗi na gargajiya, yana wanke kitse, hawan jini, suga, basir da sanyi cikin kwana bakwai da yardar Allah. A tuntuɓe ni ta akwatin sirri.

Shugaban Zaure:
Malam, an sha faɗa, ba a talla a nan. Na goge hoton. In ka sake sai waje.

Ɗan Arkilla:
Kwana bakwai har da basir, kai jama'a!

Dakta, ni ɗalibi ne, ina da ja kaɗan, a yi mini afuwa. Baba Alhaji bai yi kuskure duka ba. Ba duk mai hawan jini ne yake buƙatar maganin kitse ba, amma sai ka ga wasu wuraren ana haɗa wa kowa, ko gwajin ba a yi ba. Mutumin da da ƙyar yake sayen guda, an ɗora masa uku. Ƙarshenta ya bar su duka. Wannan ba cutarwa ba ce?

Alhaji Na-Illela:
Yawwa ɗana! Allah shi yi maka albarka. Abin da nika son hwaɗi ke nan.

Dakta:
Ƙanena, ja ɗinka yana kan hanya, ba sai ka nemi afuwa ba. Gaskiya ne, ba kowa ba. Saurayi ɗan shekara 35 mai hawan jini kawai, ba suga, ba taba, gwajinsa lafiya, ba ni da dalilin ɗora masa atorvastatin. Nan ma akwai bambanci tsakanin magungunan biyu da mutane ba su lura da shi ba. Na hawan jini lamba muke bi: in an auna a ranaku daban-daban ana samun 140/90 ko sama, to akwai magana. Amurkawa ma tun 2017 suka sauko da nasu layin zuwa 130/80. Na kitse kuwa ba lambar kaɗai muke kallo ba, mutumin gaba ɗaya muke kallo. Shekarunsa nawa? Yana da suga? Yana shan taba? Ƙodarsa lafiya? Ya taɓa samun bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki irin ta toshewar jijiya? Wanda ya taɓa samun ɗayan biyun nan na ƙarshe, ko mai suga da ya haura 40, yawanci za a ba shi ko da takardarsa ba ta yi muni ba.

Kuma ba da ka aka yanke wannan ba. A 1994 aka fitar da sakamakon wani bincike a ƙasashen arewacin Turai, mutum 4,444 masu ciwon zuciya, rabi aka ba su simvastatin, wani maganin kitse ɗan'uwan atorvastatin, rabi aka ba su ƙwayar da ba magani a ciki. Mace-mace a cikin masu shan maganin ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. A 2003 kuma aka gwada atorvastatin 10mg a kan masu hawan jini da ke da wasu abubuwan haɗari, waɗanda kitsensu bai ma yi yawa sosai ba, bugun zuciya ya ragu da kusan kashi 36 cikin ɗari, har aka tsayar da wannan sashe na binciken kafin lokacinsa.

Inda nake tare da kai shi ne maganar aljihu. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, wanda aka buga a 2018, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba da nisa a cikin abubuwan da ke jawo mana shanyewar ɓarin jiki, kitsen jini yana biye. To in kuɗi sun gaza, na hawan jini ba abin taɓawa ba ne ko kusa. Amma abin da nake roƙo, mutum ya buɗe baki ya ce likita, ba zan iya sayen wannan ba. Ba abin kunya ba ne. Sau da yawa akwai irinsa na wani kamfani mai sauƙi. Abin da yake ba ni haushi shi ne a je a yanke shawara a kan kantar kemis, a dawo mana bayan wata shida a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.

Ɗan Arkilla:
Na karɓa, amma da saura. Gwajin ya kamata a riƙa yi kafin a rubuta, ko don a san inda aka taso.

Dakta:
Wannan ba musu. A yi kafin a fara, a sake bayan kamar wata uku.

Baban Sadiq:
Baba yana da suga, shekarunsa 68. Ban kawo shi ba da farko don na ɗauka ba shi da alaƙa.

Dakta:
To ka ga dalilin likitansa. Ka bar masa abinsa.

Malam Na-Kanwuri:
Allah ya saka wa masu amsa da alheri. Ni tawa ta shafi azumi. Ana ba ni wata ƙwaya mai sa fitsari tare da amlodipine. Azumin da ya faɗo cikin zafin bazara na sha wuya ƙwarai, kafin la'asar jiri nake ji in na miƙe daga sujada. Shi ma na kitsen yana yin haka?

Maman Hanif:
Allah gafarta Malam, a'a, na kitse ba ruwansa da jiri irin wannan, tunda ba ya taɓa ƙarfin jini kuma ba ya fitar da ruwa. Mai sa fitsarin ne, ina jin hydrochlorothiazide ne ko Moduretic, duba kwalin. Aikinsa ya sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. To ka haɗa wannan da zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga baki a rufe tun asuba. Yawanci akan mayar da shi lokacin buɗa baki maimakon sahur, wani lokaci a rage ko a canza, amma ka je kafin watan ya kama a tsara maka. Kada ka gyara da kanka.

Tunda an zo nan, kowanne da irin damuwar da yake kawowa, kuma sanin su yana hana a ɗora wa wani laifin wani. Amlodipine yakan kumbura ƙafa wajen idon sawu, musamman 10mg, sai mutum ya tsorata ya ce ƙoda ce. Lisinopril, wani maganin hawan jinin, yakan sa busasshen tari mai naci, wanda ba maganin tarin da zai ji. Na ga wata baiwar Allah da ta shanye kwalabe na maganin tari, har gwajin tarin fuka aka yi mata, ashe ƙwayar ce. Aka mayar da ita losartan, tari ya ɗauke. In kuma leɓe ko harshe ya kumbura ga mai shan lisinopril, wannan asibiti ne nan take. Na kitse kuwa tsoka yake taɓawa, ciwon cinyoyi ko kafaɗu, kuma mafi yawan masu sha ba sa jin komai. Amma in ciwon ya yi tsanani, fitsari ya koma kalar shayi ba madara, a tsaya a je asibiti a ranar.

Malam Na-Kanwuri:
Moduretic ne, na duba. Na gode 'yata.

Inna Ungozoma:
Ku bari in sa baki saboda mata, don ku maza kun cika zauren da tsofaffinku. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta shan lisinopril, ba ta shan losartan, suna lalata ƙodar jariri. Na kitse ma akan ajiye shi har a haihu a yaye. Amma hawan jini ba a ajiye maganinsa don ciki, canza shi ake yi, a koma methyldopa, wanda kuka fi sani da Aldomet, ko nifedipine ko labetalol. Kitse yana iya jiran wata tara, hawan jinin mai ciki ba ya jira, shi ne yake kai ta ga jijjiga. Abin da nake gani a ɗakin awo, mace ta zo da ƙwayar mijinta ko ta uwar miji a ƙullin zane, wai an ce duk na hawan jini ne. Don Allah a daina ba da aron magani.

Sai kunun kanwa na masu jego. Kanwa ɗin nan gishiri ce a wani suna, sinadarin da ke ɗaga jini a gishiri yana cikinta. Mace ta haihu da hawan jini, a zaunar da ita a yi ta ɗura mata, sannan a ce magani ba ya aiki.

Hajiya Inno:
Ungozoma, nan kam za mu ɓata. Kunun kanwa tun kaka da kakanni.

Inna Ungozoma:
Yaya Inno, mu ɓata ɗin, gobe ma shirya. Wadda jininta yake lafiya ban hana ta ɗan sha ba. Wadda muka sallama da magani nake magana.

Dakta:
Ina bayan Ungozoma. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma har da na cikin dunƙulen miya, da yajin tsire, da kilishi. Nan ma wani bambanci ne: rage gishiri hawan jini yake taimaka wa, ba ya rage kolestarol. Rage man shanu da kitse kuma kolestarol yake taimaka wa. Tafiya da ƙafa da barin taba su ne suke yi wa duka biyun aiki. Kuma masu haɗiyar diclofenac da ibuprofen kullum saboda ciwon gwiwa, ku sani suna ɗaga jini, suna kuma rage ƙarfin maganinku.

Ɗan Arkilla:
Dakta, me ya sa kusan kowa a nan amlodipine ake fara ba shi? Ɗan'uwana da ke Ingila ya ce abokin aikinsa Bature da wani daban aka fara masa.

Dakta:
Saboda baƙar fata sun fi karɓar irin su amlodipine da masu sa fitsari fiye da irin su lisinopril in an ba da shi shi kaɗai. Akwai binciken CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka buga a 2019. An gwada haɗin magunguna bibbiyu kala uku, sai haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi saukar da jini. Amma mai suga da ƙodarsa ta fara zubar da furotin, shi lisinopril ko losartan yana kare masa ƙoda, don haka za ka ga an sa masa.

Alhaji Na-Illela:
To ni dai na kitsen ga ba ni shan shi sai an gwada an nuna mini da idona. Amma na hawan jinin, tunda kun taru kaina, zan riƙa sha kullum in gani.

Dakta:
Baba Alhaji, mun yi ciniki. Gwajin ma shi nake so ka yi.

Abu Mai Shayi:
Ni a ba ni shawara. Atorvastatin ya yi mini tsada, wani ya ce in koma simvastatin 40mg, wai duk dangi ɗaya ne. Ina shan amlodipine ni ma. Kuma ƙaramin asfirin ɗin nan Vasoprin, shi na hawan jini ne ko na kitse?

Maman Hanif:
Dangi ɗaya ne, amma kada ka yi wannan canjin da kanka. Amlodipine yana sa simvastatin ya taru a jini, shi ya sa ba a so mai shan amlodipine ya wuce 20mg na simvastatin, saboda ciwon tsokar da na faɗa. Shi kuma simvastatin dole da dare, don ba ya daɗewa a jiki kuma hanta da dare ta fi haɗa kolestarol. Atorvastatin da ɗan'uwansa rosuvastatin kowane lokaci ka tsayar ya yi, in dai kullum ne. In an rubuta maka maganin kashe ƙwayoyin cuta clarithromycin ko erythromycin, ka faɗa musu kana shan na kitse. Ka fara tambayar atorvastatin na wani kamfani mai lambar NAFDAC, sau da yawa sunan kamfani ne yake da tsada.

Vasoprin ba ko ɗaya ba ne. Jini yake hana dunƙulewa, kuma yana iya sa zubar jini a ciki, musamman ga mai gyambon ciki ko wanda jininsa yake sama ba a saukar ba. Likita ne ya rubuta maka, ko kai ka ƙara?

Abu Mai Shayi:
Maƙwabcina ne ya ce yana da kyau ga zuciya.

Maman Hanif:
To ka tattara kwalayen duka, har da shi, ka tafi da su ranar ganin likitanka.